Injin da Malam Ya Bari

Tsafe,
Satumba.

Zuwa ga ɗana Mannir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da matarka Huseina da angona Khalid. Yaya Gusau, yaya kasuwa, yaya haƙuri da wannan hali da ake ciki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar tawa ta yi sauƙi.

Tunda aka katse layukan waya a jihar nan, na ɗauko biro da takarda. Ban yi sakandare don ado ba. Malam Yusha'u direba zai riƙa kawo maka wasiƙata in ya yi lodin Gusau. Ni dama na fi son haka, domin a waya, da zarar magana ta zo inda ba ka so, sai ka ce, "Inna, ba na jin ki sosai." Takarda ba ta katsewa.

Saƙonka ya iso. Ka ce man gyaɗa ba ya tafiya, mutane sun koma wa man kanti mai araha, an rufe kasuwannin ƙauye, gyaɗa ta yi wuya, man da za a zuba wa inji ma sai an sha wahala. Ka ce wani Alhaji Shehu na Funtua ya taya injin tatsar mai da mahaifinku ya bari, kana so ka sayar ka sayi babur mai ƙafa uku ka riƙa ɗaukar fasinja. Ka ce in sa albarka.

Ban sa ba.

Da farko, injin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai rabon ƙanwarka Ummi a ciki, akwai tumunina. Mun bar ka ka kai shi Gusau ne don ka riƙe sana'ar gida, ba don ka yi gwanjonta ba. Na biyu, na ji ka gaya wa Yusha'u cewa maƙwabtanka a kasuwa suna sirka man gyaɗa da na kanti su sayar, su ne ke ciniki, kai kana gyangyaɗi. Ban san me ya sa ka faɗi haka ba, amma in har zuciyarka ta fara raya maka algus, to ka tofar da yawu ka nemi tsari. Ranar da ka zuba ɗigon wani mai a cikin namu, ranar ka daina cin halal.

Kana magana kamar a kanka aka fara wahala. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, da turmi muke tatsar mai, mahaifinku ya ɗaura galan a keke ya bi kasuwanni. Da injuna suka shigo gari, masu saye suka guje mu, domin mai inji ya gama buhu mu muna kan kwano. Mahaifinku bai zauna kuka ba. Shanun huɗarsa ya sayar ya sayi injin nan, har ƙannensa suna cewa ya taɓu. Wata shekara gyaɗa ta ƙi, ya juya ya yi ta niƙan hatsi har damina ta kewayo. Da masu mai suka cika bakin titi, shi ya fara zuba nasa a wankakkiyar kwalba mai murfi, sauran suna awo da gwangwani ƙudaje na bi. Ban taɓa ganin shekarar da ta zo mana hannu rabbana ba. Kowace da irin tata rigimar, kuma kowace sai da aka sauya mata rawa. Kai ka karɓi sana'ar a ɗinke, ka ɗauka haka za ta zauna har abada.

Ni ma nan ba daɗi nake sha ba. Motoci sun daina tsayawa a bakin hanya, kowane direba yana sauri ya wuce da sauran rana. Ƙuli-ƙulin da nake ba mata su sayar wa matafiya yana dawo mini kamar yadda ya fita. Amma ni idona a buɗe yake. Na lura duk gidan da na shiga gaisuwa ko barka, ba na jin ƙamshin suya. Mutane sun rage soye-soye. Abin da nake ji shi ne ƙarar turmi, ana dakan ƙuli za a yi datu, wato a kwaɗa zogale ko rama ko garin rogo, a ci a sha ruwa. Ka ga, mai ne ya kwanta, gyaɗa ba ta kwanta ba.

Shi ya sa nake tambayarka: ina tunkuzar da ke saura in ka tatse mai? Ummi ta ce mini masu kiwo kake ba wa a arha banza, wai yin ƙuli aikin mata ne, bai dace da mai inji ba. Kai ne mai inji? To, madalla. Daga yau kada ka sake ba akuya ko dunƙule ɗaya. Ka ɗora wa Yusha'u ya kawo mini.

Ka gaya wa Alhaji Shehu ya dakata zuwa ƙarshen Disamba. In lokacin ya cika kana kan bakanka, ba zan hana ka ba. Amma kafin nan, abin da na ce shi za a yi.

Ka gai da Huseina. Ka riƙa sallah a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka, ya kuma shirye ka.

Mahaifiyarka,
Wasila.

Tsafe,
Oktoba.

Ɗana Mannir,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ka tare da iyalinka, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Yusha'u ya ce angona ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Ku riƙa sa shi a gidan sauro, ba sai na maimaita ba.

Tunkuza ta iso, kuma na ji kunya. Na ɗanɗana sai da na tofar. Ɗaci kamar maɗaci, ga baƙi, ga ɓawo. Nan take na gane abin da kake yi. Tunda ka san awaki za su ci, ka daina tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa, ka daina murje ɓawon bayan suya, suyar ma rabi ta ƙone rabi ɗanya. Akuya ba ta kai ƙara, shi ya sa ka sake. To ashe man naka ma dole ya rage ƙamshi, kana nan kana zagin man kanti. Wanda ya saba yi wa dabba aiki, hannunsa lalacewa yake yi bai sani ba.

Ga yadda za a yi, kuma ka karanta wa Huseina, ta fi ka kunne. A tsince gyaɗa tas. A soya ta da rairayi mai tsabta, wuta kaɗan kaɗan, har ta yi ja ba baƙi ba. A bari ta huce, a murje, a sheƙe ɓawon gaba ɗaya, sannan a kai ta inji. Waccan da ka aiko na ba maƙwabta masu tumaki, ita ce ta ƙarshe.

Ban zauna jiran ka ba. Da 'yar gyaɗar da nake da ita na tatsi mai da hannu, na soya ƙuli, na daka shi ya zama gari, na sa barkono da citta da gishiri, na ƙulla a leda ƙanana. Maƙwabciyata Aishatu ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce, "Wasila, tsufa ne ya zo da gardama? Wa zai sayi abin da zai iya dakawa a ɗakinsa?" Na ce mata, "Kowane gida akwai murhu, amma ke kullum kina sayar da ƙosai." Ta koma cikin gidanta.

Na sa mayafina na nufi tasha wajen Sadiƙ mai tsire, ɗan marigayi Sarkin Fawa, wanda na san kullum sai ya sayi ƙuli ya ba da a daka masa kafin ya barbaɗe nama. Na miƙa masa na ce ya gwada. Ya shinshina, ya lasa, ya barbaɗa a tsinke guda ya kafa a wuta. Da ya gasu ya gutsura, sai ya ce, "Inna, in kullum zan samu irin wannan, ni da turmi sai a lahira." Na ce masa lahira ba a tsire, ya faɗi adadin da yake so. Daga nan na bi matan da ke sayar da datu a ƙofar makaranta da bakin asibiti. Kafin la'asar ba ko ƙulli ɗaya a jakata. Yanzu har gida ake sallama, ni ce ba ni da kaya.

Saura maganar gyaɗa. Ka ce ba ka da abin saro ta, kuma kasuwanni a rufe. Na je Bunguɗu duba Ummi, na tarar dangin mijinta na Rawayya sun cire gyaɗa, ga ta jibge a ɗaka ba inda za su kai, matansu kuwa ba man miya. Na zauna da dattawansu. Na ce su kawo gyaɗa injinmu, ba za su biya ladan niƙa ba, su kwashe mansu duka su tafi, su bar mana tunkuza. Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Hajiya, mu tafi da mai mu bar miki tsaki? Anya ba wayo a ciki?" Na ce, "Akwai, Baba, amma wayon halal ne. Kuma ban je Makka ba tukuna, sai dai in bakinka ya kai ni." Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Na aika wa ƙanena a Kucheri da irin wannan magana, su ma sun amsa.

Na san abin da za ka ce: mai inji ya ba da mai kyauta ya riƙe saura? Eh. Man da ka ajiye a shago yana kallon ka, me ya tsinana maka? A da mai ne uban gida, ƙuli bara. Bana baran ne ke ciyar da gida, sai a ba shi kujera. Ba raini ba ne mutum ya bi abin da jama'a ke nema. Raini shi ne ya zauna yana jiran jiya ta dawo.

Za su fara kawo kaya ranar Asabar. Ka tarbe su da fuska, ka ba su ruwa, ka auna a gaban idonsu. Huseina ta nemi mata biyu masu tsabta su taya ta suyar ƙuli. Rabi ku aiko mini, rabi ku gwada masu tsire da masu shaguna a nan Gusau. Ka je da ƙafarka, ba aike ba. Girman kai ba ya cika tukunya.

Ina yi muku addu'a kullum. Ka gai da mutanen gidanku.

Mahaifiyarka,
Wasila.

Tsafe,
Disamba.

Mannir,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya sanyi, ya aiki. Ina gai da Huseina gaisuwa ta musamman, kuma wannan takarda da ita za a karanta.

Na san waya ta dawo. Ka kira ni jiya kana ta faɗa, na kashe, domin ba a ɗaga mini murya, ko a waya. Yanzu da ka huce, saurara.

Na ji abin da ya faru. Ciniki ya buɗe muku fiye da zato, masu shaguna suna ta aike, Huseina ta ga ba za ta cika alkawari ba, sai ta daka ƙulin da ɗuminsa ta ƙulle a leda. Leda ta yi gumi, gari ya dunƙule ya yi fumfuna, aka dawo muku da kaya, har wani ya yi maka gori a tsakiyar kasuwa. Na yarda abin da ciwo. Amma an ce ka tsaya a tsakar gida ka yi wa yarinyar nan tas a gaban matan da ke taya ta aiki. Wannan ya fi fumfunar muni. Yarinyar da hayaƙi ya mai da idonta ja saboda sana'ar gidanku, ita za ka wulaƙanta? Kuskure na mai aiki ne, wanda ya naɗe hannu ba ya kuskure. Ka ba ta haƙuri yau, ba gobe ba.

Huseina, ɗiyata, ki riƙe wannan: ƙuli sai ya kwana a buɗe a faranti ya sha iska kafin a daka, garin ma a baza shi ya huce kafin ya ga leda. In mai saye yana sauri, ki ce ya dawo gobe. Gara ya jira da ya dawo da kaya.

Kai kuma, duk wanda ya karɓi lalataccen nan ka bi shi har shagonsa ka musanya masa da mai kyau, kada ka karɓi komai, kada ka yi dogon bayani. Ka ce laifinmu ne. Mutum yana manta asarar da ya yi, amma ba ya manta wanda ya zo da ƙafarsa ya gyara.

Kada ka ɗauka ku kaɗai ke gani. Aishatun da ta yi mini dariya, yau ita ma garin ƙuli take sayarwa, ita da wasu mata a unguwa, leda irin tawa, ƙulli ya fi nawa girma, kuma ya fi araha. Na saya na ɗanɗana, na ji garin masara a ciki. Har Sadiƙ mai tsire ya koma wajenta, in ya hango ni sai ya sunkuya yana gyaran wuta. Ban roƙe shi ba, ban kuma yi faɗa da ita ba, maƙwabtaka ta fi ƙuli. Dama duk abin da ya karɓu sai an kwaikwaya, wanda bai shirya wa wannan ba bai shirya wa kasuwa ba.

Abin da na yi shi ne na koma wajen masu saye na tambaye su. Masu datu suka ce sun fi son mai ɗan tsaki-tsaki da barkono sosai. Masu tsire suka ce mai laushi suke so, mai citta da kanumfari, gishiri kaɗan don su ƙara da kansu. Wata mai jego ta ce ita da za ta samu marar yaji saboda yara. Sai na raba shi uku, kowanne da launin zaren da nake ɗaure bakin ledarsa. Mai kwaikwayo yana iya satar leda, amma ba ya zama ya saurari mutane. Ba a daɗe ba sai ga Sadiƙ a ƙofar gida yana sosa ƙeya. Ya ce, "Inna, wancan garin baƙi yake yi a wuta, jiya wani direba ya ce ko gawayi na fara sayarwa." Na ce, "Araha ba ta ado, Sadiƙu. Shigo ka gaishe ni da kyau tukuna." Ku ma ku raba naku haka.

Yanzu maganar da ta sa ka kira. Ka ce ka gaji, yau gyara gobe ɓaraka, an toshe nan can ta ɓalle, kuma Alhaji Shehu zai zo da makanikensa da mota ranar Asabar ta farkon Janairu. To, Mannir, ba zan ruɗe ka ba. Haka sana'a take, kuma haka za ta ci gaba. Ranar da matsala ta ƙare, ranar an rufe shago ne. Babur ɗin da kake hange ma yana da tasa: yau taya, gobe mai, jibi a hana hawa wata hanya.

Amma na yi alkawari, kuma ba na magana biyu. Na yi magana da Ummi, ta ce duk abin da na yanke. Mun bar maka wuƙa da nama. In ka sayar, ba zan yi maka baki ba. Zan zo Gusau ranar, in ga injin da idona ko da na ƙarshe ne.

Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Mahaifiyarka,
Wasila.

Tsafe,
Janairu.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da jego, ya jikin naki, ya jaririya, ya maigidan naki da surukanki? Ina fata kina shan kunun kanwa kina kuma wankan nan yadda ya kamata, ba irin na 'yan zamani ba, a watsa ruwa a fito.

Kin kira ni kina tambayar yadda aka ƙare a Gusau, na ce miki zan rubuto. Dalili shi ne, a waya muryata za ta tona ni, kuma kin san ba na son haka.

Ba zan ɓoye miki ba, na shiga motar Yusha'u ranar Asabar ban san abin da zan tarar ba. Duk tsawon hanya carbi nake ja. Na riga na ba yayanki wuƙa da nama, kuma tun bayan wasiƙata ta ƙarshe bai ce mini uffan a kan maganar ba. Ina ta tunanin yadda zan tsaya in ga an kwance injin mahaifinku an ɗora a mota, ban zubar da hawaye a gaban baƙo ba.

Tun daga bakin layi na jiyo ƙarar injin. Na tarar da buhunan gyaɗa jingine da bango, mutanen Rawayya da na Kucheri zaune a tabarma suna jiran mansu, Huseina da matanta a ciki sun baza ƙuli a faranti yana shan iska. Mannir yana tsaye a kan inji, riga duk mai. Ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini kujera, ya koma kan aikinsa. Ni kuwa ban tambaye shi ba.

Can sai ga Alhaji Shehu da akori-kura da makanikensa riƙe da jakar sifana. Mutum ne mai jiki, mai fara'a. Mannir ya kashe inji, ya shimfiɗa masa darduma, ya sa aka kawo masa datun zogale a kwano. Alhaji ya ce shi ba ci ya kawo shi ba, amma ya sa hannu. Yana cikin ci yayanki ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a yi mini afuwa. Na so in kira ka, na ga ya fi mutunci in faɗa maka ido da ido. Injin nan ba na sayarwa ba ne. Man motarka kuma ni zan zuba." Alhaji ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Kai yaro, ka taso ni tun daga Funtua don in ci zogale?" Sai ya waiwayo gare ni ya ce, "Hajiya, ke ce kika ɓata mini ciniki ko?" Na ce, "Alhaji, ni baƙuwa ce kamar kai, yanzu nake ji." Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya sa aka ƙaro masa datun. Da zai tafi ya ce ba zai koma da mota wayam ba, a ɗora masa garin masu tsire ya kai wa mahautan unguwarsu su gwada. Makaniken ma sai da ya sayi na yara.

Ummi, na ɗauka nan ne ƙarshen farin cikina. Ashe da saura.

Bayan azahar Mannir ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Inna, kin ga an fara buɗe kasuwannin ƙauye. Mutanen nan ba za su ci gaba da bar mana tunkuza haka ba, kowa zai kai gyaɗarsa inda za a ba shi kuɗi a hannu." Abin da ke raina ke nan tun kwanaki, ina neman yadda zan faɗa masa bai karaya ba. Sai ya ce ya riga ya je Rawayya da Kucheri ya zauna da su. Duk mai son mai, tsohon tsari yana nan. Mai son sayarwa kuma, shi zai je har ƙofar gida ya ɗauka a farashin kasuwar ranar, ya hutar da shi kuɗin mota da tsoron hanya. Ya ce mijinki ne ya raka shi. Ashe kin sani kika yi gum da bakinki, har kina kira na kina tambaya kamar ba ki san komai ba. Za mu haɗu.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ya lura in azumi ya zo, datu yana ja da baya, kowane gida kunun gyaɗa ake nema a buɗa baki, mata kuma suna shan wahalar gyara gyaɗar da kai ta niƙa da ƙishirwa a bakinsu. Don haka ya fara gwada markaɗa gyaɗar kunu, fara tas, suya sama-sama, a zuba a roba mai murfi, mace ta ɗebo ta dama kawai. Ya ce yana so kafin watan ya kama, masu shaguna sun san da ita. Ba ni na gaya masa ba, Ummi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Yaron da watannin baya yake jiran kasuwa ta dawo ta same shi a zaune, yau shi ke leƙen abin da ke tafe tun bai iso ba.

Huseina ta dama kunun ta kawo mini a kofi. Su biyu suka tsaya a kaina suna kallon bakina kamar masu jiran hukuncin alƙali. Na kurɓa. Na ce tsamiya ta yi kaɗan. Gaskiya ce kuwa, ta yi kaɗan. Sai na miƙa kofin na ce a ƙaro, na juya fuska wajen injin don kada su ga idona.

Sauran abin da ke raina ban faɗa masa ba, ke ma kada ki faɗa. Yabo da yawa yana sa ɗan kasuwa barci, kuma azumi na tafe, aiki na gabansa. Amma ke ɗiyata ce, ki sani: tun rasuwar mahaifinku ban yi kwanan daɗi irin na ranar nan ba. Sana'ar gidanmu ta samu mai riƙe ta.

Ki shafa mini kan jaririya, ki gai da maigidanki ki ce na gode, duk da ya haɗa baki da ku. Allah ya raya, ya yi muku albarka baki ɗaya.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Wasila.